Ƙafar Isufu

Duk Asabar da la'asar, in Illo ya rufe shagonsa na atamfa, sai ya zuba sanduna uku a buhun shinkafa, ya tsaya bakin hanya yana jiran tsohuwar motar abokinsa Isufu. Su bi hanyar Silet zuwa wata busasshiyar ƙorama inda suka binne gwangwanayen tumatir a yashi. Nan suke buga golf, wasan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. A ƙoramar babu ko ganyen da akuya za ta tsaya wa.

'Yan kasuwar Tamanrasset sun daɗe da yanke hukunci cewa tsofaffin nan sun taɓu. Illo bai damu ba. A Yamai suka koyi wasan, suna yara, suna ɗaukar wa nasara jaka a rana. Can kuma suka koyi abin da ba a faɗa. In ƙwallon maigida ta faɗa ƙaya, ka riga shi isa, ka taka ta ba takalmi, ka maƙale ta a yatsun ƙafa, ka yi gaba kamar mai nema, ka sake ta a wuri mai kyau. Sannan ka ɗaga hannu: "Ga ta nan, patron!" Tsofaffin nasara aka fi yi wa haka, waɗanda hannunsu ya fara rawa. In an tashi, yaran su taru suna kwaikwayon yadda tsohon ke tafiya yana hura hanci.

Yanzu Illo ya haura saba'in, yanar ido ta dusashe masa gani. In ya buga, ƙwallon ta ɓace cikin fari, Isufu ne ke bin ta da kallo ya je ya tsaya a kanta. Abin mamaki, tun da idon ya lalace wasan ya gyaru. Shi ne ma hujjarsa duk lokacin da 'yarsa Mansura ta kira daga Damagaram tana cewa ya sayar da shagon ya dawo gida.

"Baba, Inna ta rasu, ba mai dafa maka, ba ka gani. Me kake yi a can?"

"Ina cin Isufu duk mako. Makaho yana haka?"

Wata Asabar ya yi bugun da shi kansa ya ji a kafaɗa cewa ya karkace. Amma Isufu ya ɗaga murya daga tsakiyar ƙorama: "Ga ta nan, tsoho! Wallahi kana da sa'a."

Illo ya iso, ya durƙusa zai shimfiɗa ɗan guntun tapi, wato darduma, da suke ɗora ƙwallo a kai. Nesa ce ta gagare shi, kusa yana gani. Ƙwallon na zaune a kan yashi sumul, babu ramin da ta faɗa, babu layin da ta gangara. A gefenta ga sawun ƙafa, yatsun a dunƙule. Ya ɗaga kai. Takalman Isufu na rataye a wuyan buhu.

"Isufu, me ya sa kake tafiya ba takalmi?"

"Na ce maka yashi mai zafi maganin sanyin ƙafa ne."

"Ni za ka yi wa patron?"

Isufu ya kalli duwatsu, ya kalli motarsa, ya soshe ƙeya.

"Tun yaushe?"

"Illo, bar maganar nan."

"Na ce tun yaushe?"

"Tun bayan sadakar arba'in ɗin matarka Hajjo. Ka zo ka buga sau ɗaya, ta shige ƙaya, ka zauna a ƙasa ka ƙi tashi. Me kake so in yi? In tsaya ina kallonka?"

"In ka koma kasuwa fa? Wa kake kwaikwaya wa tafiyata?"

"Allah ya isa tsakanina da kai in na taɓa."

Suka tattara sanduna suka koma gida. Mako ya zagayo, Illo ya shiga motar da leda a hannu, ya jefa wa Isufu a cinya. Takalma ne sau ciki, masu igiya.

"Saka. Ka ɗaure."

"Sun yi mini kaɗan."

"Haka nake so."

Ranar Illo ya buga wasansa na gaskiya. Ta farko ta tafi hagu cikin duwatsu, suka yi ta nema ba su gan ta ba. Ta biyu ta gangara kaɗan ta tsaya, Isufu bai ma motsa ba, ya nuna ta da baki. Ta uku sandar ta ɗebi yashi ta watsa masa a fuska, ƙwallon na nan kan tapi ba abin da ya same ta. Isufu na faɗin kowace yadda take, da murya irin ta mai karanta sanarwar rasuwa. Rana ta yi ƙasa ba su kai gwangwani na uku ba, ƙwallo ɗaya ta rage a aljihun Illo, kuma ba a sayar da irinta a garin.

Wayarsa ta yi ƙara a cikin riga. Ya san Mansura ce, lokacinta ne. Ya bar ta har ta gaji ta tsinke.

Ya fiddo ƙwallon ya ɗora a kan tapi. Ya daɗe yana gyara tsayuwa. Ya buga, ya ji ta karkace tun kafin ta bar sandar. Isufu ya juya zai bi ta, yana ɗingishi.

"Isufu."

"Na'am."

Illo bai dube shi ba, yana kakkaɓe yashi daga tapi.

"Cire takalman nan. Sun matse ka."