Waƙar da Ta Ƙi Fita Daga Wayar Lado

Lado, mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, mutum ne da ba ya yarda da kowa. Ko kwando aka ce masa cike yake, sai ya zura hannu har gindi. To shi ne ya sayi muryar mahaifinsa a intanet.

Mahaifin makaɗin noma ne, shekara ashirin ke nan da rasuwarsa. Wasu baƙi sun taɓa naɗar waƙarsa a gona tun ba a haifi Lado ba, ga ta yau a wani kantin waƙoƙi na intanet. Lado ya biya, ya kunna, murya ta fito tas har da ƙarar fartanya. Nan take ya ƙudurta sai Inna ta ji ta a ƙauye. Wayar Inna ƙarama ce, sai dai a sa mata a memori, kuma Alu direban motar tumatir zai juya Arewa bayan la'asar.

Ya kai wayar shagon Khamisu mai tura waƙoƙi a Agege, ya tsaya masa a ka.

"Oga, wannan ba za ta fita ba," in ji Khamisu. "A kulle take. A wayarka kaɗai za ta yi."

"Ni fa na biya."

"Ka biya ka ji, ba ka biya ka bayar ba. Haka suka rubuta."

Lado ya ƙanƙance ido. Ai ya san halin yaran Legas: yau a ce maka ta ƙi, gobe ka ji ta a kowace motar haya ta danfo. Ya sa Khamisu ya buɗe masa kwamfutar shagon, ya bi ta lungu-lungu, alhali Turancin ma ba karantawa yake ba. Ya fizge wayarsa ya kai wa wasu masu tura waƙoƙi biyu. Duk amsa ɗaya suka ba shi, shi kuwa ya ce haɗa baki suka yi.

Da azahar ta gota ya dawo jiki a sanyaye. Khamisu bai goranta masa ba. Ya kara wata tsohuwar waya mai memori a bakin ta Lado, aka kunna waƙar, ya danna naɗi. Da suka saurari farkonta, sauti ya fito siriri kamar daga cikin gwangwani, ga hon ɗin danfo, ga rurin janareta. Abin ya yi wa Lado ciwo, amma lokaci ya ƙure. Ya ƙunshe memorin a takarda ya miƙa wa Alu.

Bayan kwana uku Inna ta kira.

"Na ji shi, Lado. Muryar ta yi nisa, amma shi ne. Sai dai wa ke yi masa amshi? Ranar da aka ɗauki waƙar nan ina wurin, shi kaɗai ya yi."

Har Lado ya buɗe baki zai ce Khamisu ne ya cusa wani abu, sai ya tuna wanda ke tsaye kusa da wayar.

"Ni ne, Inna. Ban san na yi ba."

"Na sani," ta ce. "Wurin nake ta maimaitawa."