Sarkin Sukuru da Taragun Merv

A ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa, wadda ke taruwa ran Asabar a tsohon ɗakin ajiyar ulu bayan tasha, akwai wani mutum wai shi Lindsay Treloar. Tun da ya bar aikin inshora a Adelaide ya dawo garinmu, ban taɓa ganin jirginsa ya zaga layi ba. Abin da ya mallaka akwatin katako ne mai 'yan aljihuna, cike da sukuru iri-iri, wasu sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Mu muka laƙaba masa Sarkin Sukuru don shaƙiyanci. Shi ya ɗauka yabo ne, har amsawa yake yi.

Da zarar ka kifa tarago za ka ɗaura masa sabuwar ƙugiya, ɗan abin nan da ke sarƙe shi da na bayansa, sai ka ji numfashin Lindsay a ƙeyarka.

"Wannan sukurun ka zaɓa, Bevan?" haka yake ce min. "Ya yi tsawo, zai huda cikin taragon. Wancan kuma ya yi kauri, zai tsaga robar. Na ƙarfe kuwa maganaɗisun layi zai riƙa jan sa."

"To wanne zan sa?"

"Ai irin wannan tambaya ba a amsa ta a tsaye."

Haka yake. Sai ya kushe duk abin da ke hannunka, ya tafi ya bar ka da shi. In kuwa ya ga kwalbar gam a teburinka, ka shiga uku. Gam, in ji shi, na 'yan makarantar reno ne, kuma duk wanda ya manna ƙugiya da gam bai cancanci shayin ƙungiya ba.

Da sanyin bara Merv Schulz ya rasu. Tsohon direban jirgi ne, ya yi shekaru yana jan alkama zuwa gaɓar teku, da ya yi ritaya kuma ya zauna ya ƙera 'yan taragun alkama na katako da hannunsa, irin waɗanda ya ja. Sai dai ƙugiyoyinsu tsoffin yayi ne, ba sa kama namu. Wata Asabar matarsa Noelene ta shigo da su cikin kwalin lemo, kowanne a naɗe da tsumman goge kwano. Ta ce 'ya'yan Merv da ƙannensa za su zo ranar baje kolin gari, in zafi ya shigo, kuma tana so su ga taragun suna tafiya.

Kafin wani ya buɗe baki Lindsay ya rungume kwalin.

"Ki kwantar da hankalinki, Noelene. Aikin Merv ba zai faɗa hannun 'yan kame-kame ba." Ya faɗa yana kallonmu.

Sanyi ya wuce, ciyawa ta bushe, ƙudaje suka dawo. Kowace Asabar sai ya zo da sabon labari. Yau sukurun da ya yi oda daga Amurka haƙoransu ba su dace ba. Wani mako na tagulla sun iso amma kansu ya yi faɗi. Wani mako kuma yana nazarin ko na roba ne ya fi. Darryl Hancock, wanda ke riƙe da makunnin wutar layi, ya gaji ya ce masa, "Mutumina, kawo su nan mana. Da yamma ɗaya mun gama."

"Da yamma ɗaya kun lalata, kake nufi."

"Ramin nan fa bai kai ƙwayar shinkafa ba, Sarki. Ba gadar Sydney za ka ɗaura ba."

Lindsay ya yi ɗan murmushin nan nasa na wanda ke tausayin jahilai, ya ɗebi biskit ya fita.

Ranar baje koli aka tashi da zafi mai tsanani. Rufin kwano ya ɗau wuta tun da hantsi, hayaƙin soseji da albasa yana shigowa daga rumfar 'yan kwana-kwana. Dangin Merv suka cika gaban teburin da layinmu ke kai, Noelene a tsakiyarsu da hular coci. Lindsay ya zo a makare, da farar riga da lakatayi. Shi da kansa ya jera taragun a kan layi, ya hana kowa taɓawa. Na kai hannu zan duba ƙasan ɗaya, ya buge min yatsa.

Darryl ya murɗa makunni. Kan jirgin ya ja, taragun suka bi shi a miƙe, gwanin sha'awa. 'Yar Merv ta dafe ƙirji. Sai suka iso kwanar farko, wajen wata 'yar gada da ke kan layin.

Ƙugiya dai dole ta yi lilo hagu da dama in an zo kwana. Waɗannan ko motsi ba su yi ba. Taragon gaba ya ture na bayansa daga layi, na bayan ya ja na kusa da shi, wasu suka tsinke suka tsaya cak, biyu suka gangara gefen tebur suka faɗo a kan siminti. Kan jirgin ya ci gaba da zagayensa shi kaɗai, da ƙugiya guda tana reto a gindinsa.

Darryl ya kashe wuta. Ya tsuguna ya ɗauko ɗaya daga waɗanda suka faɗo, ya kifa shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kai shi hanci.

"Lindsay, ina sukurun?"

Babu ko rami. Gam ne, an lafta shi har ya malala cikin gidan ƙugiyar ya daskare. Na duba sauran, duk haka suke.

"Na wucin gadi ne," in ji Lindsay. Wuyansa ya yi ja har kunne. "Ingantattun suna hanya. Kuma zafin nan ne, ba wanda ya ce min ɗakin zai yi haka. Kwanar ma tun farko na faɗa muku ta yi tsanani."

"Wato laifin rana ne da kwana," in ji Darryl.

Noelene ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi fasasshen taragon ta sa a tafin hannu, ta dubi Lindsay daga lakatayinsa har takalmi.

"Merv hannunsa na rawa ya ƙera wannan," ta ce. "Cokali ma da ƙyar yake riƙewa. Kai me ya sami naka hannun?"

Ta juya ga 'yarta ta ce su je su sha wani abu mai sanyi. Dangin suka bi ta a hankali, ƙanen Merv ya tsaya a ƙofa ya yi tsaki, sannan ya fita.

Ni da Darryl muka ɗauki aikin. Ƙanƙare gam ɗin ya fi komai cin rai, don ya ci katakon a wurare da yawa. Muka huda, muka ɗaura da 'yan gajerun sukurun da ke cikin kwalbar ƙungiya, muna sassauta kowanne kaɗan har ƙugiyar ta yi lilo. Ɗaya daga biyun da suka faɗo bai gyaru ba. Noelene ta ce a ba ta shi haka, ta ajiye a kan tagar kicin. Da muka kira ta ganin sauran suna zagaye, ita kaɗai ta zo, don dangin sun riga sun koma garuruwansu. Ta kalla, ta yi godiya, ta bar mana kek.

Lindsay ya ɓace na 'yan makonni. Da ya dawo ba wanda ya yi masa maganar, ba wanda kuma ya matsa ya ba shi wuri a benci. Ya zuba shayinsa, ya tsaya daga nesa yana kallon taragun Merv suna wucewa. Can ya ce wa bango, tunda ba mai sauraronsa, wai a ganinsa na ukun nan ƙugiyarsa ta ɗan yi ƙasa. Darryl ya ƙara wa jirgin gudu.