Kuɗin Mota Hannu da Hannu

Duk ranar Asabar, matasan unguwar su Lorelie jifni, motar haya mai dogayen benci biyu, suke hawa su tafi birnin Bacolod. Ba wani abin kirki suke yi a can ba. Su zauna a dandali, su sayi kofi biyu na ƙanƙara da madara su bakwai suna zagaya cokali, su yi wa takalman masu wucewa dariya, la'asar ta yi su dawo. Amma duk wanda aka tafi aka bari, ranar Litinin a makaranta ba shi da bakin magana.

Sati biyu ke nan ana barin Lorelie, kuma labarin laifinta ba shi da tsawo. Aljun, wanda ya naɗa kansa shugaba don kawai ya fi kowa tsayi da kaifin baki, shi ya saci babur ɗin kawunsa, ba lasisi ba hular kwano, ya goya Krizel, aminiyar Lorelie tun firamare. Suka zube a wata kwana, salansa ya ƙona wa Krizel ƙwauri. Yarinyar nan ta ɓoye ƙunar cikin doguwar safa kwana biyar, har wurin ya fara wari. Lorelie ce ke zama kusa da ita a aji, ita ta ji warin, ita kuma ta je ta faɗa wa uwar Krizel. Aka kai yarinya asibiti, aka karɓe makullin babur, kawu ya yi wa Aljun dukan da sai da maƙwabta suka leƙo. Shi ke nan Aljun ya koma jifni kamar kowa, kuma a ganinsu Lorelie ce ta jawo.

Ita dai ta riƙe abu ɗaya a ranta: Krizel ba fushi take yi ba, tsoron bakin Aljun take ji. Da wannan tunani ta fito ranar Asabar ta tsaya a mahaɗar titi, ta tare motar da ta san suna ciki.

Tana sunkuyawa ta shiga, hira ta mutu.

"Ku kama bakinku," in ji Aljun. "Gidan rediyo ya shigo."

Wurin da ya rage shi ne na bakin ƙofa, can ƙarshen benci, nesa da direba. Kusa da ita Krizel ce, sai Aljun, sai sauran a jere. Krizel ta tsura wa wayarta ido kamar an aiko mata da sakamakon jarrabawa.

Lorelie ta fito da kuɗin motarta, ta miƙa.

"Ga kuɗin mota, a taimaka a miƙa."

Ba wanda aka taɓa koya wa wannan, tashi aka yi aka gani. Na bakin ƙofa ya ba na kusa da shi, hannu da hannu har ya kai ga direba. Ko mashayi ya miƙo, karɓa ake yi. Ko maƙwabcin da kuka yi shari'a da shi a kan katanga. To, sai ga hannun Lorelie a miƙe, ba wanda ya motsa. Aljun ya harɗe hannuwa, ya gargaɗi sauran kada kowa ya taɓa, kar gobe a je a ce wa uwarsa ya cinye canji. Suka kwashe da dariya. Ba dariyar ce ta dame ta ba, ta saba da haushin Aljun. Tafin hannun Krizel take kallo, yana ajiye a cinya, tsakaninsu bai kai taki ɗaya ba.

Ta sake faɗa. Hannun ya fara nauyi, kunya ta rufe ta har cikin kunnuwa, amma ta ƙi saukewa.

Wata tsohuwa mai kwandon ƙaguwa a ɗaya bencin ce ta gaji da kallo.

"Inday," ta ce wa Krizel, yadda ake kiran 'yan mata a nan, "hannun naki ya shanye ne?"

Ba ta jira amsa ba. Ta miƙo jiki ta warce kuɗin ta tura gaba, sannan ta wanke su tas. Ta tambayi sunayen iyayensu, ta ce shekara sittin tana hawa wannan hanya ba ta taɓa ganin rashin tarbiyya irin na yau ba. Direba ya dube su ta madubi ya girgiza kai. Aljun sarkin baki ya koma kallon gonakin rake.

A cikin wannan shirun ne Lorelie ta ga dama ta samu. Ta karkata kaɗan, ta rage murya yadda ba mai ji sai Krizel.

"Ya ƙafar?"

Sai a sannan Krizel ta ɗago.

"Ƙafata ce," ta ce a hankali. "Ko ruɓewa za ta yi, tawa ce. Ke kaɗai na nuna wa."

"Likita fa ya ce da an ƙara kwana biyu..."

Krizel ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa rufin mota sau biyu. Direba ya taka birki, ya gangara gefe. Ba gida ba rumfa a wurin, rake ne hagu da dama.

"Manong," Krizel ta kira shi yadda ake kiran babba, "wannan ce za ta sauka."

Lorelie na da bakin cewa a'a. Ta biya har Bacolod, tsohuwar ma cewa take yi ta zauna abinta, ba motar uban kowa ba ce. Sai Lorelie ta dubi Aljun, tana neman alamar shi ya kitsa. Bakinsa a buɗe yake, shi ma mamaki yake yi. Ashe duk sati biyun nan ba tsoron kowa Krizel take ji ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, don da Aljun ne da ta san yadda za ta jira abin ya wuce.

Direba ya danna hon. Ta sauka.

Motar ta tashi ta bar ta da hayaƙi. Ta ga Krizel ta matso ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafar mai bandeji don ta sha iska. Lorelie ta yi kuka sosai, tunda ba mai gani. Wata jifnin mai zuwa Bacolod ta taho ta rage gudu, direban ya ɗaga mata yatsa yana tambaya. Ta girgiza kai, ta duba hagu da dama, ta tsallaka titi zuwa gefen da ake jiran motar gida.