Sauran Leda Ɗaya

Jinin yana ɗiga a hankali daga ledar da ke rataye, yana bin siririyar roba zuwa hannun Ishaya, shi kuwa idonsa na kan taga, inda ba abin da ake gani sai katanga da saman darbejiya. Dakta Yasira ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi. Har yanzu yana tsattsafo da jini. Ta danna cikinsa ta hagu, ya runtse ido bai ce uffan ba, don mutumin da ya tsufa yana jan taru a tafkin Kainji yana ganin raki abin kunya ne.

"Likita, yaushe za ku sallame ni?" ya tambaya, muryar da ƙyar take fita. "Inna tana can tana jirana. Ba ta iya shiga jirgi, ƙahwa ta ƙi."

Ta ce masa sai jikin ya ɗan yi ƙwari. Ta san ba gaskiya ta faɗa ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda maganar ta saba da bakinta.

Sankarar jini ce. An kai shi babban asibiti a Sakkwato, aka yi masa maganin da ya zubar masa da gashi, cutar ta yi kunnen uwar shegu, aka dawo da shi Yelwa aka ce a ci gaba da kula da shi. To, a wannan asibiti kulawar ba ta wuce ƙarin jini. In an ƙara masa, fuskarsa ta ɗan yi kyau, ya sha kunu, ya tsokani matarsa Marka. Bayan 'yan kwanaki jinin ya tsiyaye kamar ruwa a fasasshen tulu, a sake neman wani.

Masu ba da jinin kuwa ba su taɓa yankewa ba. Daga ƙauyensu na bakin ruwa suke shigo kwale-kwale zuwa Wara, su hau mota su taho, masallata da masu zuwa coci da 'yan gargajiya, kowa ya miƙa hannu a ɗiba. Abin har ya zama ma'aunin zumunci a garin: gidan da bai aiko da namiji ba, sai a riƙa kallon matansu a wurin bandar kifi.

*

A gindin darbejiyar ta sami Ɗanladi, wan Ishaya, wanda shi ne mai faɗa a ji a gidan. Ta yi masa bayani dalla-dalla, cewa jinin nan ba magani ba ne, jinkiri ne kawai, kuma lokacin da ya rage bai da yawa. Ta ce a ganinta ya kamata a sanar da Ishaya, a kuma kai shi gida ya ga mahaifiyarsa tun yana gane mutane.

Ɗanladi ya dube ta kamar ta zage shi.

"Likita, mu ba mu hwaɗa ma mai ciwo haka. Wanda anka ce ma za shi mutu, wanda ya hwaɗi shi ya kashe shi. Kuma in munka ɗauke shi, mi mutane za su ce? Su ce mun gaji da shi?"

Ta so ta ce ai shi mai jikin ba a tambaye shi ba, sai ta haɗiye. Ta ga audugar da ke manne a gwiwar hannunsa. Wannan mutum ba mugu ba ne, son ƙaninsa yake yi da abin da yake da shi, kuma abin da yake da shi jini ne.

Ta kai maganar wurin Dakta Almustapha, babbansu, tana fatan ya goya mata baya. Ya saurare ta yana murza goshi, sannan ya tambaye ta abin da za ta sallami Ishaya da shi. Mofin, maganin zafin da zai iya riƙe irin wannan ciwo, ya ƙare a ɗakin magani tuntuni, ko da akwai ma ba mai bin mara lafiya ƙauye ya yi masa allura. In jini ya ɓalle masa ta hanci a tsakiyar ruwa, wa zai tsayar? Ya ce shi ma ya karanta littattafan da ta karanta, ya san akwai ƙasashen da ake raka mutum har gadonsa da nas da magani, a bar shi ya cika cikin natsuwa. A nan kuwa zaɓi biyu ne, ko gado da jini, ko gida da azaba.

"An koya mana yadda ake yaƙi da cuta, Yasira," ya ce, "ba wanda ya koya mana abin da za mu yi in an ci mu."

Ta fito ranta a jagule. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta amfani kowa ba.

*

Marka ce ta tare ta a baranda da hantsi, tana ta murɗa bakin zane. Ta ce Ishaya ya daɗe da sani. Tun a Sakkwato ya lura likitoci sun daina kallon idonsa. Ya riga ya gaya mata wanda za a bai wa jirginsa da wanda za a bai wa taru, ya kuma hana ta faɗa wa Ɗanladi, wai kada hankalin wansa ya tashi, mutum yana ta wahala a kansa.

Yasira ta tsaya sororo. Ashe kowa ya sani, kowa kuma yana ɓoye wa kowa don tausayi, ita ma da farar rigarta tana cikin masu ɓoyon. Haushi ya kama ta, na kanta da na asibitin da na wannan kara da ke cinye wa bawan Allah sauran kwanakinsa.

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kira Ɗanladi bakin gadon, ta ja labule, ta tambayi Ishaya a gabansa inda yake so ya kasance.

"Gida," ya ce. Ya juyo da kai wajen wansa. "Yaya, ka yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ka kai ni in ga Inna."

Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya ce ya yarda, zai yi wa mai jirgi magana a Wara, a kuma aika gida a share ɗaki. Sai dai abu guda: wani ɗan ƙanwarsu ya riga ya iso ya ba da jini, ba za a ce masa ya yi tafiyar banza ba. A ƙara wa Ishaya wannan leda ɗaya don ya sami ƙarfin hanya, gobe da safe a kama hanya.

Yasira ta san zazzaɓin da ya sauko wa Ishaya tun jiya ba na wasa ba ne. Ta san abin da ya dace ta ce shi ne su tafi yanzu, da mota ko da me. Amma ta dubi farin tafin hannunsa, ta tuna ramukan hanyar Wara, likitan da ke cikinta ya rinjaye ta. Leda ɗaya dai. Ta ce wa nas ta ɗaura.

*

Da la'asar, ledar ba ta kai rabi ba, numfashin Ishaya ya canza. Ya riƙa kiran Inna, yana ce mata ta matso daga bakin ruwa. Marka ta riƙe masa hannu tana addu'a da harshensu. Yasira ta yi duk abin da ake yi, tana yi tana sanin aikin banza ne, har ta ɗaga hannunta daga ƙirjinsa. Nas ta murɗa makullin robar, ɗigon ya tsaya.

Marka ta share hawaye ta yi wa Yasira godiya, ta ce Allah ya saka, sun yi iya yinsu. Yasira ta fito daga ɗakin.

A baranda ta ji Ɗanladi yana waya, murya a dushe. Yana ce wa mai jirgi maganar gobe tana nan, sai dai a cire bencin tsakiya a shimfiɗa tabarma. Aka tambaye shi wani abu daga can, ya jingina goshi da bango.

"A'a, kada ku hwaɗa ma Inna tukuna," ya ce. "Ku bar ta ta gama sharar ɗakin."