Ruwan Kanal da Tafiyar Rufaida

Akwai iyayen da ke yanke wa yaro hukunci kafin su dube shi da kyau. Datti, manomin shinkafa a wani ƙauye kusa da Kura, yana cikinsu.

'Yarsa Rufaida tana shekara goma sha huɗu tafiyarta ta canza. Kafaɗa ɗaya ta sauka, ƙugu ya karkace. Matan unguwa, da ba sa rasa abin faɗa, suka ce rangwaɗa ta koyo a sakandare. Datti ya ji, ya hau kai ya zauna.

"Ke, miƙe!" in ji shi.

"Baba, wallahi a miƙe nake."

"Wannan ce miƙewa? Ko karan da iska ta kwantar ya fi ki. In hutun nan ya ƙare kina wannan yangar, ke da boko har abada."

Uwarta Kubra ta ce, "Malam, yarinyar nan fa tana kukan ciwon baya."

"Baya? A shekarunta? Lalaci dai."

Abin takaicin, Datti gwani ne wajen daidaita fili. Ba ya dashe sai ya saki ruwa ya ga inda ya taru da inda ya ƙi hawa. Ƙasa yana yi mata haƙuri, 'yar cikinsa kuwa sai tsawa.

Wata ranar dashe Rufaida ta kai masa abinci gona. Laka ta ɓata mata ƙafa, sai ta tattare zane ta shiga ƙaramin kanal na siminti da ke kai ruwa gonar don ta wanke. Datti yana zaune a baki yana buɗe kwano. Ya san kanal ɗin nan, ƙasansa a shafe yake daidai. Amma ga ruwa ya taɓa gwiwarta ta hagu, ta dama kuwa tana sama da shi kamar yatsu biyu.

Ya ajiye kwanon.

"Fito. Taka wannan da ƙafar hagu."

Guntun katakon da yake tare ruwa da shi ne. Ta taka. Kafaɗunta suka dawo kusan daidai.

"Baba, bayan ya saki," ta ce.

Datti ya dafa kafaɗarta. Sannan ya ce, "Ki yafe mini, uwata."

Washegari, da dashe da komai, ya bar gona ya kai ta asibiti a Kano. Aka auna, aka ɗauki hoto. Likita ta ce ƙafar hagu ta gaza ta dama tsawo, shi ya sa ƙugu ya karkata, ƙashin baya kuma ya lanƙwasa don ya riƙe jiki. Sun zo da wuri, lanƙwasar ba ta kafe ba. Ta sa a ƙara wa takalmin hagu tudu, ta koya mata motsa jiki, ta ce su riƙa dawowa har ta gama girma.

Ranar komawa makaranta Datti da kansa ya ɗauke ta a babur. Wata maƙwabciya ta leƙo.

"Malam Datti, ashe rangwaɗar ta warke?"

"Ta warke, Hajiya. Saura bakinki, shi ne ba a samo wa takalmi ba."

Rufaida ta ƙunshe dariya cikin hijabi, ta gyara jakarta, suka wuce.