Motar da Ke Bayan Madafa

Mahama ya daɗe da daina murna idan aka ce masa an ga mota. Tun gemunsa yana baƙi sana'arsa ke nan: nemo wa masu hannu da shuni na Accra motocin tsere na ƙawa, irin masu ƙofa biyu da suke kwance da ƙasa, waɗanda ba su sha tafiya ba, ya duba su, ya faɗi abin da suka kai. Shi kansa a motar haya ta trotro yake zuwa duba su. Yawanci sai ya sha rana har Tema ko Spintex, ya tarar an juya mitar da ke ƙirga tafiya baya, ko kuwa mota ce da ruwa ya taɓa cinyewa a wata ƙasa aka busar aka fesa mata turare. Ya duba, ya gode wa mai ita, ya koma tasha da gwiwoyinsa masu ciwo.

Akwai wani mai gine-gine a East Legon da ya daɗe yana damunsa da waya. Tsohuwar Porsche yake so, irin wadda iska ke sanyaya injinta, kuma wadda ba a taɓa kwance ta ba. Mahama ya nema har ya fara kauce wa kiran mutumin.

Ana cikin haka sai ga kira daga Amerika. Abdulhafiz ne, ɗan Mma Memuna ta Maamobi, wanda ya tafi tun yana saurayi bai sake taka Ghana ba.

"Bra Mahama, don Allah ka je gidanmu ka duba mini motata," in ji shi. "Sayarwa zan yi. Abin da ka ce ta kai, shi ne. Ba zan tambayi kowa ba."

Mahama ya san labarin motar kamar yadda kowa a unguwar ya sani. Abdulhafiz ya saye ta a hannun iyalan wani tsohon Bature da ya mutu, lokacin da irinta ba ta yi tsada ba, ya auno ta a jirgin ruwa, ya ce yana nan tafe bayanta. An shigar da ita gida, an rufe ta. Mahama bai taɓa zuwa gani ba, don ya ɗauka ɓeraye da tsatsa sun gama da ita.

Washegari da hantsi ya bi lungunan Maamobi, yana tsallake kwata, yana raɓe wa masu tuyar ƙosai, har ya kai ƙofar gidan. Ƙaramar ƙofa ce, wadda mutum biyu ba sa shiga tare. Ya yi sallama. Mma Memuna tana zaune a kan 'yar kujera tana tsince wake a faranti.

"Mahama ne? Ni ka zo gaisarwa, ko ƙarfe?"

"Ke na zo gaisarwa, Mma. Ƙarfen daga baya."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau. Rabona da kai tun sunan 'yarka Hidaya, ga ta yanzu an ce har ta yi aure. Zauna ka sha ruwa."

Ya sha ruwa, ya tambayi ƙafarta, ta tambayi gwiwarsa, suka ɗan yi gardamar wanda ya fi wani jin jiki. Sannan ta miƙe da kyar, ta ja shi zuwa ƙuryar tsakar gida inda aka yi wata rumfar kwano. Ta kama gefen tamfol, ya kama ɗaya gefen, suka yaye. A ƙarƙashin tamfol akwai tsofaffin zannuwa da aka ɗinke wuri guda. Suka yaye su ma.

Mahama ya matso kusa.

Tsohuwar Porsche ce ruwan azurfa, an ɗora ta a kan itatuwa don kada tayoyinta su gaji da ƙasa. Ya zagaya ta a hankali. Ya ciro ɗan maganaɗisun da yake yawo da shi a aljihu, ya naɗe shi da hankici, ya bi jikinta da shi. Ko'ina yana kamawa, babu inda aka cike da ƙwaɓi aka shafe da fenti. Ya buɗe ƙofa ya sunkuya ya shaƙa. Warin fata ne da ɗan warin mai, babu warin laima. Bai fara duba mita ba, don mita ita ce ta fi kowa iya ƙarya. Ya duba robar da ke kan birki da ta totur, ya ga zanensu bai goge ba. Ya shafa sitiyari, ya danna gefen kujerar direba inda cinya ke murzawa wajen shiga da fita. Da ya gama sannan ya kalli mitar. Abin da ta nuna bai kai tafiyar da tasin Nima ke yi a 'yan watanni ba, kuma duk jikin motar ya yarda da ita.

Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya leƙa ƙasa da fitilar waya. Kawunan kusoshin ba su san sifana ba.

"Wa yake kula da ita, Mma?"

"Wa kake gani a gidan? Duk Juma'a da safe nake tayar da ita. Abdulhafiz ne ya koya mini ta waya. In murɗa makulli, in zauna a ciki in ja carbina har ta yi ɗumi, in kashe. Mai da batir kuma akwai wani makanike a Kotobabi da ke zuwa ya canza, ina tsaye a kansa."

Ta miƙa masa makullin da ke ɗaure a bakin zanenta. Ya murɗa. Injin ya kama nan take, ƙararsa ta cika tsakar gidan, kaji suka watse. Ya rufe ido ya saurara na ɗan lokaci, ya kashe. Ya san shekarunsa nawa yana neman wannan ƙarar, amma abin da ya ji a ransa ya fi kama da gajiya.

Da ya fito sai ya waiwaya yana neman ta inda motar ta shigo. Inda babbar ƙofa take a da, yanzu madafa ce ta bulo, da murhu biyu da randa da tukwane a jere.

"Ta ina za ta fita?"

"Ka ga hanya?" in ji Mma. "Ruwan sama ya ishe mu muna girki a fili, na sa aka gina. Ban ga amfanin ƙofar da ba a buɗewa ba."

Ta koma kan kujerarta, ta jawo farantin wake, amma ba ta ci gaba da tsinta ba.

"Mahama, zo kusa. Abu ɗaya zan roƙe ka. In ya kira, ka ce masa motar ta lalace. Ka ce ɓeraye sun ci wayoyinta, ka ce injin ya daskare, ka ce abin da kuka saba cewa. Kai ya yarda da kai. In ka ce ba ta da daraja, zai bar ta."

"Mma, don me?"

"Ranar da ta iso ya ce mini, Mma, ina bayanta. Na san ɗana. Ni yana iya barina, ya saba. Amma wannan abin, tun yana yaro yake yanko hotonta a jarida yana mannawa a bango. Muddin tana nan, akwai abin da zai jawo shi. Ranar da ta fita daga gidan nan, to, me ya rage masa a Maamobi? Tsohuwa da kaji."

Mahama ya kalli ƙasa. Ya ce ta bar shi ya je ya yi azahar, zai dawo kafin lokacin da Abdulhafiz ya ce zai kira.

Bayan salla bai tashi ba. Ya jingina da bangon masallaci yana kallon takalman mutane suna raguwa a bakin ƙofa. A duk tsawon sana'arsa ba shi da shago, ba shi da allon suna. Abin da ake kiransa dominsa shi ne idan ya ce mota kaza ce, to kaza ɗin ce. Bai taɓa ƙara wa mota daraja don mai sayarwa ba, bai taɓa rage mata don mai saye ba. Amma ba a taɓa roƙonsa ƙarya irin wannan ba, wadda mai roƙon ba za ta ci komai da ita ba. Ya kuma san wani abu da bai ji daɗin saninsa ba: yana son cinikin nan. Ya daɗe bai kai wa kowa mota ta gaske ba, kuma mutumin East Legon ba zai jira har abada ba. Ya yi ta ƙoƙarin raba amanarsa da buƙatarsa, ya ga wacce ce ke magana a cikinsa, ya kasa.

Da ya koma, ya tarar ta mayar da zannuwan kan motar ita kaɗai. Bai daɗe da zama ba wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Fuskar Abdulhafiz ta fito, yana cikin wani ɗan akurkin mai gadin wurin ajiye motoci, da hular sanyi, furfura ta fara cin gemunsa.

"Bra Mahama, ka gan ta? Yaya?"

Mahama ya ji idon tsohuwar a gefen fuskarsa.

"Na gan ta," in ji shi. Ya ɗan dakata. "Ban taɓa ganin irinta a ƙasar nan ba. Mitarta gaskiya take faɗa, fentinta na asali ne, injinta lafiya lau. Ta ninka abin da ka saye ta. Ina da mai saye a hannu. Kuma ka sani, ba kai ka ajiye ta haka ba, Mma ce."

Mma Memuna ta sunkuyar da kai kan farantinta.

"Amma akwai magana," Mahama ya ci gaba. "Sai an rushe madafarta kafin motar ta fita. Kuma ita ba ta so a sayar. Ga ta nan, ku yi magana."

Ya miƙa mata wayar. Ta riƙe ta nesa da fuskarta kamar yadda tsofaffi suke yi.

"Mma, ina wuni."

"Nan wuni ne, can ban sani ba. Ka rame."

"Aiki ne, Mma. Ki saurare ni. Na sami wani lauya, ya ce akwai hanyar da takarduna na zama za su fito. In sun fito zan iya zuwa in koma. Ba ni da abin da zan ba shi sai motar nan."

"Wancan lauyan ma haka ya ce."

"Wannan daban ne."

"Wancan ma daban ne, lokacinsa."

Abdulhafiz ya waiwaya baya. Ana jin wata mota tana masa hon a can, ya ɗaga hannu ya ce a jira shi.

"Mma, in ban gwada ba, ko motar tana nan ko ba ta nan, ba ni da hanyar zuwa. Kin gane? Ba motar ce ta hana ni ba, ba kuma ita za ta kawo ni ba."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa. Sannan ta ce, "Je ka, ana kiranka." Ta miƙa wa Mahama wayar ba tare da ta dube shi ba. "Ku rushe."

Ranar Asabar Mutawakil magini ya zo da guduma. Matan da ke haya a gidan suka kwashe tukwane da randa suka jera a bakin ɗakin Mma. Kafin rana ta take, madafar ta zama tarin bulo a gefen lungu. Mahama ya hana a tayar da motar. Aka sauke ta daga kan itatuwa, aka hura tayoyi, aka shimfiɗa katakai a kan kwata, maza suka tura ta a hankali, shi yana gaba yana tafiya da baya, yana cewa dama kaɗan, tsaya, hagu, saboda cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Mutanen unguwa suka cika lungun da wayoyi a sama. Wata mai sayar da koko ta ce ashe da gaske akwai mota, ita ta ɗauka tatsuniya ce. A bakin titi babbar motar ɗaukar motoci tana jira. Aka ja ta sama, aka ɗaure, aka tafi da ita. Mutumin East Legon bai zo da kansa ba. Ya kira ya ce madalla, ya kuma tambaya ko Mahama zai iya samo masa wata, ja.

Mahama ya koma cikin gidan don ya yi sallama. Tsakar gidan ta yi faɗi, ana hango lungu da masu wucewa ta inda aka fasa. Mma tana zaune a inda ya same ta ran farko, ƙurar siminti ta sauka a kan ɗankwalinta. Mutawakil yana tsaye a gabanta yana share gumi da gefen riga.

"Mma, yanzu yaya za a yi? In mayar da madafar yadda take, in toshe wurin gaba ɗaya? Ko a matsar da ita gefe, a bar ƙofar mota?"

Ta ɗaga kai ta dubi Mahama. Wannan ne karo na farko da ta dube shi tun ranar wayar.

"Tambayi Mahama," in ji ta. "Shi ne mai faɗin gaskiya. Ya gaya maka ko akwai motar da za ta sake shigowa gidan nan."

Mutawakil ya juyo yana jira. Mahama ya kalli wurin da aka fasa. Da mota ce, da ya san inda zai shafa, ya san inda zai shaƙa. Wannan kuwa babu abin dubawa.

"A bar ƙofa," in ji shi.

"Ƙofar ƙarfe fa ke nan, Bra Mahama. Aiki ne babba."

"Na sani. Ka yi, ni zan ɗauka."

Mma Memuna ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce wa matan gidan su nemi duwatsu uku su haɗa murhu a fili, rana tana yi, mutane ba su ci komai ba. Mutawakil ya ɗauko igiyar awo ya miƙa wa Mahama bakinta ɗaya, ya ce ya riƙe masa a jikin bango.