Abin da Pemyo Ya Gani a Lamba Takwas

Pemyo ya ɗaure noti na huɗu, ya koma ya sassauta na farko, ya sake ɗaure shi a hankali. Bindigar tana kwance a kan buhunan yashi biyu a tsohon ramin fasa dutse da ke bayan garinsu, sabon madubin hangen nesa yana zaune a bayanta, baƙi wuluk. Isko ya ɗora ɗan ma'aunin magina a kai, ya kanne ido ɗaya.

"Ya karkace."

"Idonka ne ya karkace."

"Pare, shekara ashirin da biyu ina gyara wa sojoji bindiga, har da taka. Na ce ya karkace hagu."

Pemyo bai ƙara musu ba, ya sassauta notunan, Isko ya ɗan juya madubin da yatsa biyu har kumfar ma'aunin ta tsaya a tsakiya. Tare suka shiga soja, tare suka fita, kuma Isko ne ya riƙe 'yar Pemyo a coci ranar da aka yi mata baftisma, tun daga nan suke kiran juna Pare, wato amini. Shi kaɗai ya san Pemyo ya sayar da ɓaunarsa ta noma a makon jiya, ya hau mota zuwa birnin Cagayan de Oro, ya wuni a shagon masu bindigogi. Mai shagon ya so ya tura masa wani dogon madubi na masu gasa. Pemyo ya ƙi. Ya zaɓi gajere, mai ɗan hannu a gefe. Idan hannun yana kan lamba ɗaya, abu yana nan yadda ido ke ganinsa. Idan aka tura shi zuwa takwas, mutumin da ke ƙetaren kwari sai ya dawo kamar a bakin ƙofarka yake.

"Aladen daji ne ke cinye min masara," haka ya ce wa mai shagon.

Isko ya taka ya kafa kwali a jikin dutse, ya zana baƙin ɗigo a tsakiya, ya dawo yana haki. Pemyo ya kwanta rub da ciki, ya manna kuncinsa a gindin bindigar, ya harba uku. Duk sun taru wuri ɗaya, amma sama da ɗigon, can wajen dama.

"Hannunka dai bai tsufa ba," in ji Isko. "Sauko da shi, ka kawo shi hagu."

Pemyo ya murza maɓallin sama yana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa, ya murza na gefe. Uku na biyu sun matso. Uku na ƙarshe suka cinye ɗigon gaba ɗaya.

"To, saiti ya yi. Aladen ya shiga uku." Isko ya zauna a kan dutse, ya kunna sigari. "Wannan aladen naka, shi ne mai gida a ƙetaren kwarin Kitaotao?"

Pemyo yana tsince kwanson harsashi. "Wa ya gaya maka?"

"Mai kayan miyar da ta gaya maka, ai ba kai kaɗai take sayar wa tumatir ba."

Shekara shida ke nan. Ranar da masu gadin kamfanin abarba suka zo tashin manoma daga filin da suke nomawa tun kakanni, Pemyo yana asibiti da zazzaɓi. Matarsa Luding ce ta je, ɗauke da tukunyar shinkafa ta kai wa waɗanda suka kwana a bakin shinge. Shugaban masu gadin, Rodel Baculio, ya ce su watse. Luding ta ce bari ta ajiye tukunya tukuna. Mutum fiye da talatin sun ga lokacin da ya ɗaga hannun dama ya harbe ta a ƙirji. Da aka je kotu, babu ko ɗaya da ya tuna ya gani. Shekara huɗu ana ɗage shari'a, ranar ƙarshe aka sallami Rodel, ya fito da farar riga, ya tsaya a matakala, ya dubi Pemyo, ya taɓa bakin hularsa kamar mai gaisuwa. Daga nan ya ɓace daga lardin, sai a watan jiya labarinsa ya dawo.

"Ka yi tunanin 'yarka Marites?" in ji Isko. "Ta rasa uwa, yanzu kuma ta riƙa kai wa uba abinci gidan yari da ciki wata bakwai?"

"Tana da miji."

"Tana da uban da ba shi da hankali dai."

"Za ka kai ni, ko in nemi ɗan acaɓa?"

Isko ya miƙe daga kan dutsen. Ya take guntun sigarin da ƙafa. "Ɗan acaɓa zai yi surutu. Naɗe bindigar a buhu. Amma a bakin hanya zan tsaya, ba zan taka tudun da ke kallon gidansa ba."

Sun yi awa biyu a kan babur, rake a dama, rake a hagu, manyan motoci suna watsa musu laka. A wata rumfa suka tsaya, Isko ya ci shinkafa da busasshen kifi, Pemyo ya sha ruwa kawai. Tun daga ramin dutse hular nan yake gani, da yatsu biyun da suka taɓa bakinta. A shekarun nan babu irin mutuwar da bai yi wa Rodel a zuciyarsa ba. Ya kashe shi a kasuwa, ya kashe shi a gaban 'ya'yansa, ya sa shi ya durƙusa ya kira sunan Luding. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba: yana so ya ga fuskar sosai lokacin da abin zai same ta. Don haka ya sayar da ɓauna.

Wajen ƙarfe uku ya hau tudun shi kaɗai, ya ratsa gonar ayaba, ya sami gindin wata bishiyar kwakwa da ta faɗi, ya kwanta a bayanta. Gidan yana ƙetare, na bulo, rufin kwano kore, da baranda. Ya ɗora bindigar a kan kututturen, ya sa ido.

A lamba ɗaya ya ga tsakar gida, igiyar shanya, kaji, da wani mutum zaune a baranda cikin farar singileti. Ya jira numfashinsa ya kwanta, ya zare makullin bindigar, sannan ya tura ɗan hannun da babban yatsa har ƙarshe.

Rodel ne. Amma ba kujera ba ce yake kai, keken guragu ne, an ɗaure shi a jiki da tsohon tawul ta ƙirji don kada ya zame. Rabin fuskarsa ya zubo ƙasa, miyau yana bin haɓarsa. Hannun daman yana kan cinyarsa a dunƙule, ya ƙanƙance kamar ƙafar kaza. Rana ta juyo ta cika barandar, tana dukansa a ido, ba shi da halin kawar da kai.

Abin da Pemyo ya fara ji shi ne an yi masa sata. Wani ya riga shi zuwa, ya kwashe mutumin, ya bar masa wannan tsumma. Ya ɗora gicciyen madubin a tsakiyar goshin, yatsansa ya sami kunamar bindigar, ya fara matsawa.

Sai wata matashiya ta fito da kwano a hannu ɗaya, waya a kunne. Matar ɗansa ce, da alama. Ba ta daina magana a wayar ba ta cusa masa cokali, ta sake cusa wani kafin ya haɗiye. Shinkafar ta zubo masa a cinya. Ta ja tsaki, ta goge masa baki da gefen tawul ɗin da ƙarfi har kansa ya kaɗa, ta dangwarar da kwanon a ƙasa inda yake gani, ta koma ciki. Ba ta janye shi daga rana ba.

Kaza ta yi tsalle ta hau cinyarsa, tana tsattsagar shinkafa a kan hannun nan. Ƙudaje suka taru a gefen bakinsa. Rodel ya buɗe baki yana ƙoƙarin kiran wani, jijiyar wuyansa ta tashi, babu wanda ya fito. Can sai wani duhu ya bazu a gaban wandonsa, ya gangara ta ƙafar keken. Idonsa ɗaya mai lafiya ya cika da ruwa, yana yawo a kan tudun, daga bishiya zuwa bishiya, kamar mai neman wanda zai zo.

Pemyo ya janye yatsansa. Ya mayar da makullin. Ya gyara kwanciya, ya sa hannu a ƙarƙashin haɓa, ya ci gaba da kallo. Cinnaka suna cizonsa a ƙafa, bai motsa ba. Ya kalli fitsarin yana bushewa, ya kalli kazar ta tafi ta dawo da wasu biyu. Sai da inuwa ta rufe barandar, matar ta fito tana toshe hanci tana faɗa, ta ja keken da baya zuwa ciki, sannan ya tashi. Yunwa ce ta kama shi, irin wadda ya manta rabonsa da ita.

Isko yana tsaye a jikin babur, guntayen sigari sun kewaye ƙafarsa.

"Ban ji ƙara ba."

"Ba a yi ba."

"Ba ya nan?"

"Yana nan."

Isko ya sauke ajiyar zuciya, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "Na san Luding ba za ta bar ka ba. Ka yafe ke nan, Pare."

Pemyo ya tsuguna a bakin hanya, ya buɗe buhun, ya kwance madubin daga bayan bindigar. Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya sa shi a aljihun jaka. Bindigar ya mayar cikin buhu ya miƙa wa Isko.

"Ajiye min wannan a wurinka. Ko ka sayar, duk ɗaya."

"Saitin da muka ɓata safiya muna yi fa?"

"Ranar Lahadi bayan coci ka zo da babur."

"Mu je ina?"

"Nan."

"Ka yi me, ba bindiga?"

"Kallo." Pemyo ya hau bayan babur ɗin. "Akwai likita mai kyau a garin nan? Ina so a duba Rodel sosai. Irinsu idan suka sami kulawa, suna kai shekara goma."

Isko ya riƙe kan babur ɗin, bai tayar ba.

"Mu tafi," in ji Pemyo. "Ka tsaya a rumfar nan, zan ci kifi."